Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sanatoci Da 'Yan Majalisar Wakilai Na Jihar Kano A Kan Batun Ƙuri'ar Raba-Gardama

Masu girma wakilanmu, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne a kan wata magana da ba ta rasa mai tayar da ita duk lokacin da Majalisa ta buɗe zaman gyaran kundin tsarin mulki, wato a ba 'yan ƙasa damar jefa ƙuri'ar raba-gardama a kan ko za a ci gaba da zama tare. Ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta daɗe tana wannan kira, masu fafutukar ƙasar Yarbawa sun yi nasu, mu ma nan Arewa ba a bar mu a baya ba. Ranar 6 ga Yunin 2017 gamayyar wasu ƙungiyoyin Arewa ta taru a Kaduna ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su tattara nasu ya nasu su bar Arewa, sai a watan Agusta aka lallashe su suka janye. A cikin garin nan kuwa, duk ranar da man fetur ya ƙara kuɗi ko aka ji an tare motar 'yan Arewa a hanyar Kudu, zauna teburin mai shayi a Fagge ko Kurna, ba za ka tashi ba sai wani ya buga cinya ya ce, "Kawai a yi ƙuri'a, kowa ya kama gabansa."

Ni ba na cikin masu ganin laifi ne a tambayi jama'a ra'ayinsu. Roƙona shi ne, kafin ɗayanku ya ɗaga hannu ya goyi bayan saka wannan sashe a kundi, ya zauna ya karanta abin da ya sami Birtaniya bayan ƙuri'ar da ta yi ta ficewa daga Tarayyar Turai. Ba yaƙin neman zaɓen nake nufi ba, abin da ya biyo baya daga wayewar gari. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya isa wane tsoron Allah.

An jefa ƙuri'ar ne ranar Alhamis, 23 ga Yunin 2016. Tambayar layi ɗaya ce: Birtaniya ta ci gaba da zama a cikin Tarayyar Turai ko ta fice? Mutum 17,410,742 suka ce a fice, 16,141,241 suka ce a zauna, wato kashi 51.9 da kashi 48.1 cikin ɗari. Kashi 72 na masu rajista suka fito. Babu wanda ya sace akwati, babu wanda ya ce an yi aringizo, kafin a karya kumallo ranar Juma'a kowa ya san sakamako. Firaminista David Cameron, wanda shi ya kira ƙuri'ar yana da tabbacin zai ci, ya fito ƙofar gidan gwamnati a safiyar nan ya ce zai sauka. Darajar fam ta faɗi ƙasa warwas, ta kai matakin da ba a gani ba tun 1985.

Nan rigima ta fara. Ingila da Wales sun zaɓi ficewa, amma Sikotilan ta zaɓi zama da kashi 62, Ailan ta Arewa da kusan kashi 56, birnin Landan da kusan kashi 60. Shugabar gwamnatin Sikotilan, Nicola Sturgeon, ba ta bari rana ta faɗi ba ta ce ba za a ja mutanenta a fitar da su ba da son ransu ba, ta dawo da maganar ɓallewar Sikotilan daga Birtaniya ɗungurungum, maganar da aka ɗauka an binne ta a ƙuri'ar 2014. Ku lura da wannan da kyau, ranku ya daɗe: ƙuri'ar ficewa daga tarayya ɗaya ita ta farfaɗo da neman ficewa daga wata tarayyar da ke cikin gida. Duk mai tunanin cewa in an raba Najeriya, Arewa za ta tashi dunƙulalliya daga Sakkwato zuwa Makurɗi, to ya tambayi kansa me mutanen Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna za su ce washegari.

Rabuwar ba ta tsaya a taswira ba, ta shiga har cikin gidaje. Binciken ra'ayi da aka yi bayan ƙuri'ar ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 da suka jefa ƙuri'a zama suka zaɓa, yayin da kusan kashi 60 na waɗanda suka haura 65 suka zaɓi ficewa. Sai jikoki suka shiga cewa kakanni sun yanke musu hukuncin rayuwar da su kakannin ba za su daɗe a cikinta ba, su kuma dattawa suna cewa yaran ba su san yadda ƙasar take ba kafin ta shiga ƙungiyar a 1973. Cikin 'yan kwanaki mutum sama da miliyan 4 suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a sake ƙuri'a. Abin dariyar shi ne, wanda ya buɗe takardar mai goyon bayan ficewa ne, ya rubuta ta tun kafin ranar zaɓe don yana zaton ɓangarensa ne zai sha ƙasa. Cewa ya yi in wanda ya ci bai kai kashi 60 ba kuma fitowar jama'a ba ta kai kashi 75 ba, a sake. Shi ma Nigel Farage, babban mai kururuwar ficewa, ya faɗa tun a watan Mayu cewa in masu son zama suka ci da 52 da 48, to magana ba ta ƙare ba. Da aka ci da wannan adadin daidai amma ta ɓangarensa, sai magana ta ƙare, duk wanda ya ƙara tari kuma ya zama mai raina ra'ayin talakawa. Kowa ya san ƙanƙanin rinjaye ba ya isa ga hukunci irin wannan, amma sai ranar da ya faɗi yake tunawa.

A nan ya kamata in yi wa masu zaɓen ficewa adalci, don an zage su da yawa. An kira su jahilai, an kira su masu ƙin baƙi, an ce ƙarya aka yi musu suka hau. Gaskiya ne an yi ƙarya. An zagaya ƙasar da wata jar bas da aka rubuta mata cewa Birtaniya na aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba su a asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne, shi kansa Farage da safiyar sakamako ya ce kuskure ne yin wannan alkawari. Daga baya a 2018 hukumar zaɓe ta ci tarar babbar ƙungiyar yaƙin ficewa saboda ta wuce iyakar kuɗin da doka ta yarda a kashe. Amma mutum miliyan 17 ba bas ce ta kai su rumfar zaɓe ba. Da yawansu mutanen garuruwan da masana'antu suka mutu ne, irin su Sunderland inda kashi 61 suka ce a fice, mutanen da suka ga an rufe ma'adinai da masaƙu, aka zabtare kuɗin ƙananan hukumominsu bayan 2010, suna kallon Landan na ƙara ƙiba. Duk ɗan Kano da ya bi ta Sharaɗa ko Bompai ko Challawa ya ga manyan ƙofofin kamfanoni a garƙame, ciyawa ta cinye harabar, ya san irin wannan ɓacin rai. An ba su takarda ɗaya, sai suka juye duk takaicin shekara talatin a kanta. Zagin da aka yi musu bayan haka bai sa ko ɗaya ya canza ra'ayi ba, ƙara ƙeƙashewa suka yi.

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni game da namu. Saurayin da ke cewa a raba ƙasa a teburin mai shayi, in ka zauna da shi minti goma za ka ji kuɗin shinkafa yake nufi, da rashin aiki, da 'yan bindigar da suka hana ƙauyensu noma. In kuka miƙa masa takarda mai "e" da "a'a", amsar waɗannan zai bayar, ba amsar tambayar da aka rubuta ba.

Sai babbar matsalar: kowa ya san abin da aka ƙi, babu wanda ya san abin da aka zaɓa. Cikin masu ficewa akwai mai son a fita daga siyasar ƙungiyar amma a zauna a kasuwarta kamar Norway, akwai mai son yarjejeniyar ciniki kawai irin ta Kanada, akwai mai cewa a fita ko babu yarjejeniyar komai. Dukansu akwati ɗaya suka saka wa alama. Theresa May da ta gaji Cameron a watan Yuli, in aka tambaye ta sai ta ce ficewa na nufin ficewa, wanda bai ƙara wa kowa haske ba. A doka ma ƙuri'ar shawara ce kawai, ba ta ɗaure majalisa ba, amma gwamnati ta riga ta aika takarda gida-gida tana alkawarin za ta aiwatar da duk abin da aka zaɓa. Da wata 'yar kasuwa, Gina Miller, ta je kotu ta ce sai majalisa ta amince kafin a fara shirin fita, kuma alƙalai uku na babbar kotu suka ba ta gaskiya a Nuwamban 2016, jaridar Daily Mail ta buga hotunansu a shafin farko ta kira su maƙiyan al'umma. A ƙasar da muke kwaikwayon alƙalanta har gashin dokin da suke ɗorawa a ka! Kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairun 2017.

Sauran labarin jan ƙafa ne. An miƙa takardar fita a 29 ga Maris 2017 da nufin a kammala cikin shekara biyu. May ta kira zaɓe a tsakiyar 2017 don ta ƙara ƙarfi, ta rasa rinjayen da take da shi. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Tarayyar Turai, majalisa ta yi watsi da ita sau uku, na farkon a 15 ga Janairun 2019 da ƙuri'a 432 da 202, kayen da babu gwamnatin da ta taɓa shan irinsa a tarihin majalisar na zamani. A watan Maris na shekarar aka jera wa 'yan majalisa hanyoyi takwas su zaɓi ɗaya, suka ƙi duka takwas ɗin. Dubban ɗaruruwa suka yi ta cika titunan Landan suna neman a sake ƙuri'a, wata takardar koken ta a soke fitar gaba ɗaya ta tara sa hannu sama da miliyan 6, ɗaya ɓangaren kuma na ihun an ci amanarsu. May ta sauka tana hawaye, Boris Johnson ya hau, ya dakatar da zaman majalisa, kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka. Sai da aka sake babban zaɓe a Disamban 2019 sannan aka fita ranar 31 ga Janairun 2020, yarjejeniyar ciniki kuwa sai 24 ga Disamban wannan shekarar. Shekara uku da rabi ƙasa ba ta da wani zance sai wannan, firaminista biyu sun tafi a kansa. Ba a kuma fita a kyauta ba, an lissafa wa Birtaniya bashin alkawuran da ta ɗauka tana ciki, wanda aka ƙiyasta a lokacin ya kai kusan fam biliyan 39.

Wani ɗan ƙanwata yana aikin jinya a Birmingham tun kafin wannan lokaci, kuma ya jefa ƙuri'a, don dokarsu ta ba 'yan ƙasashen renon Ingila mazauna can damar yin zaɓe, alhali 'yan Faransa ko Poland da suka shekara ashirin a ƙasar ba a ba su ba. Ficewa ya zaɓa. Hujjarsa ita ce shi ya biya kuɗin biza kamar zai tsiyace kafin ya kai matarsa, ga wani ya taso daga Romaniya da jakarsa kawai ya shigo ba mai tambayarsa. Matar kuwa zama ta zaɓa, tana ce masa, "Baban Ummi, wanda ya tsani baƙo fari ba zai so baƙo baƙi ba." Sati biyu bayan sakamako ya kira ni, "Kawu, yau a tashar bas wani ya dube ni ya ce mun yi zaɓe, yaushe za ku tafi?" Yana sanye da rigar asibiti, yana dawowa daga aikin dare. Ba shi kaɗai ba ne, alƙaluman ma'aikatar cikin gida sun nuna laifukan ƙiyayya na launin fata da addini sun ƙaru da kashi 41 a Yulin 2016 idan aka kwatanta da Yulin shekarar da ta gabata. Har yau in zancen ya taso a gidansu shi yana cewa ya yi daidai, don bayan fitar an buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar aikin jinya da karatu fiye da da. Ita kuma sai ta tuna masa cewa daga Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu. Dukansu suna da gaskiya. Abin da ba mai musu a kai shi ne, waɗanda suka zaɓi ficewa don a rage baƙi sun ga akasin haka: rarar masu shiga a kan masu fita ta haura 700,000 a 2022, adadin da ba a taɓa gani ba lokacin da ƙasar ke cikin ƙungiyar. Shi ya sa binciken ra'ayi na 'yan shekarun nan ke nuna fiye da rabin jama'a na ganin kuskure aka yi, amma kuma babu babbar jam'iyyar da ke da ƙarfin halin sake buɗe zancen.

Yanzu ku ɗauko wannan tambayar ta tashar bas ku ajiye ta a Sabon Gari. Akwai Ibo da Yarbawa a Kano waɗanda kakanninsu aka haifa a nan, Hausarsu ta fi ta wasunmu, shagunansu na kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini su ke riƙe da rabin garin. Akwai namu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, a Sabo ta Ibadan, a Ama Hausa ta Owerri, a kasuwannin shanu da albasa har Fatakwal. Su waye za su yi zaɓe, kuma a ina? Washegarin sakamako mene ne matsayinsu, 'yan ƙasa ko baƙi? Birtaniya ta bar mutum kusan miliyan 3 'yan ƙasashen Turai cikin zullumi na tsawon shekaru kafin a tsara musu takardun zama, amma dai can zullumi ne. Mu garin nan ya ga tarzomar Mayun 1953, ya ga ta 1966, kuma rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 bai yi nisan da za a manta ba. Birtaniyar ma ba ta tsira daga zubar da jini ba: mako guda kafin ƙuri'ar wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe 'yar majalisa Jo Cox a mazaɓarta da rana tsaka.

Sai iyaka. A duk tsawon yaƙin neman zaɓe, ba kowa a Ingila ya damu da cewa ƙasar na da iyakar tudu da Tarayyar Turai ba, mai tsawon kusan kilomita 500 tsakanin Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan, mai mashigai sama da 200. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, wadda ta kawo ƙarshen kashe-kashen kusan shekara talatin, ta ginu ne a kan cewa mutum zai tsallaka ba tare da ya ga shinge ba. Wannan 'yar maganar da aka raina ita ta kayar da May. Dabarar da Johnson ya yi ita ce ya mayar da binciken kwastan cikin teku, tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, wato iyaka a cikin ƙasa ɗaya. Masu kishin zama da Birtaniya suka fusata, gwamnatin yankin ta tsaya cik daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024, duk da sabon gyaran da aka yi a 2023.

Ba sai an yi wa Bakano bayanin abin da shinge ke yi wa kasuwa ba. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk wanda ya shiga Dawanau ya ga yadda dillalai ke zaune a kan buhuna suna kallon juna, tireloli sun yi layi a Jibiya da Maigatari, kaya na lalacewa, 'yan dako sun koma gida hannu biyu. Wannan iyaka ce da dama can akwai ta. To ku ƙiyasta sabuwa a Jebba ko Lakwaja. Atamfa da shaddar Kantin Kwari ta tashar jirgin ruwan Legas yawancinsu ke shigowa, tashar tsandauri ta Dala kuwa ba ta da amfani in babu teku a ɗaya ƙarshen. Tumaturin Kadawa da shanun Wudil kasuwarsu Kudu ce. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro suna Arewa, tashoshin wuta masu aiki da iskar gas yawancinsu suna Kudu, layin wutar kuma ɗaya ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, na wa zai zama? Bashin ƙasa da ya haura naira tiriliyan 140 a ƙarshen 2024, wa zai ɗauki nawa? Fanshon sojan da ya yi aiki a jiha goma, wa zai biya? Sudan ta Kudu ta zaɓi ɓallewa da kusan kashi 99 a Janairun 2011, babu rinjayen da ya fi wannan, amma ba a daidaita kuɗin bin bututun mai ba kafin rabuwa. Shekara guda bayan ƙuri'ar ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya, yankin Abyei kuwa har yau ba a san na wa ba ne.

Mu ma ai ba baƙin wannan ƙuri'a ba ne, mantuwa ce ta yi mana yawa. A Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ta a Kamaru ta renon Ingila. Yankin arewa, su Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye da Mambila, ya zaɓi Najeriya da ƙuri'a 146,296 a kan 97,659, ya zama Lardin Sardauna. Gwamnatin Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, ba ta haƙura ba, sai da ta kai Birtaniya kotun duniya. Yankin kudu ya zaɓi Kamaru, amma zaɓi biyu kawai aka ba su, ba a saka na cin gashin kai ba, kuma jikokinsu na kafa hujja da wannan giɓi a yaƙin da ake yi a can tun bayan 2016. Yadda aka rubuta tambaya a 1961 yana cin rayuka bayan fiye da shekara hamsin. A ɗaya hannun, ƙuri'ar da ta haifar da Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963 ba ta bar baya da ƙura ba, don doka ta ce sai kashi 60 na dukan masu rajista sun amince, ba na waɗanda suka fito kawai ba, kuma aka wuce wannan da nisa.

Addininmu bai bar ko rabuwar mutum biyu a hannun fushin rana ɗaya ba. Ya sa a kira mai sulhu daga dangin miji da na mata, ya sa saki ɗaya-ɗaya, ya sa idda don a sami damar kome, ya fayyace wa zai riƙe 'ya'ya, wa zai ciyar. Abin da Birtaniya ta yi saki uku ne a zama ɗaya, sannan aka zauna lissafin kayan ɗaki.

Saboda haka, in har kun ga dole sai wannan sashe ya shiga kundi, to kada ku yarda da rinjayen rabi da ɗigo. Kundin da ke hannunku ma ya fi haka hankali: Sashe na 8 ya ce ƙirƙirar sabuwar jiha kawai sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'a, sannan jihohi su amince, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya. Zai zama abin kunya a ce raba ƙasa ya fi yanka jiha sauƙi. Montenegro da za ta rabu da Sabiya a 2006, kashi 55 aka gindaya mata tun kafin a fara, ta samu 55.5, kuma aka karɓa don an yarda da ƙa'idar kafin a san mai ci. Kanada, bayan lardinta na Kubek ya kusa ɓallewa a 1995 da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 55,000 ba, ta yi doka a 2000 cewa sai tambaya ta fito fili kuma rinjaye ya fito fili kafin a zauna tattaunawa. Ku kuma gindaya adadin waɗanda dole su fito. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 27 ba. Da irin wannan fitowa, mutum miliyan 13 sun isa su yanke wa sama da miliyan 200 hukuncin da ba a dawowa daga shi.

Mafi muhimmanci a wurina, ƙuri'ar ta zama hawa biyu. Ta farko ta ba da izinin a zauna a tattauna, ba ta rabuwa ba. Sai an rubuta komai a takarda, iyaka, bashi, mai, ruwan Kwara, soja, kuɗi, matsayin Bahaushen Legas da Ibon Kano, an fassara shi da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Tibi da sauran harsuna, an karanta a gidajen rediyo, sannan bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo wa jama'a da takardar a ce ga abin da rabuwa ke nufi, kun yarda? Kuma dokar ta faɗi tun farko abin da zai faru da jihar da ta ce a'a alhali maƙwabtanta sun ce e, kada a bar wannan sai ranar.

Akwai kuma abin da ba sai na tuna muku ba, don wasunku da su aka yi. Birtaniya ta sha duk wannan wahala ne da sakamakon da ba wanda ya yi jayayya da ƙidayarsa. Mu zaɓen gwamna na 2019 inkonkulusib ya zama, kowa ya san abin da ya faru a mazaɓar Gama ranar da aka sake. Na 2023 sai da aka sa dokar hana fita, aka yi ta zaman ɗar-ɗar daga kotun sauraren ƙararrakin zaɓe zuwa kotun ɗaukaka ƙara, har kotun ƙoli ta yanke a 12 ga Janairun 2024. Wannan kujerar shekara huɗu ce kawai. Wace kotu ce za ta saurari ƙarar ƙuri'ar raba ƙasa, wa zai yarda da hukuncinta, kuma wa zai riƙe titi kafin ta yanke?

Ina roƙon duk ranar da wannan batu zai zo gaban kwamiti ko zauren Majalisa, ku dawo gida tukuna ku kira taro a mazaɓunku. Ku gayyato shugabannin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, da direbobin tirela masu bin hanyar Kudu, da malamai, da wakilan ƙabilun da ke zaune tare da mu, kowa ya faɗi abin da shinge zai yi wa sana'arsa. Sannan kowane ɗayanku, sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 24, ya fito gidan rediyo ya gaya mana matsayinsa da bakinsa kafin ranar kaɗa ƙuri'a a zaure.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga cikin birnin Kano.